Matakan da na bi kafin a bar ni in sauka cikin rijiyar ma'adinai a Afirka ta Kudu

Tun da na dawo daga Afirka ta Kudu abokan aiki da ɗalibai masu karatun injiniyan ma'adinai suke tambayata yadda mutum yake samun shiga wurin da ake haƙa rijiyar ma'adinai ta zamani, kuma na lura yawancinsu suna ɗauka cewa da zarar kamfani ya aiko da takardar gayyata, to magana ta ƙare, sai ɗaure kaya. Ni haifaffen Bukuru ne, na tashi ina ganin ramukan kuza da masu sauka cikinsu da igiya, na kuma karanta haƙar ma'adinai a jami'a, amma duk wannan bai shirya ni ga tsarin da na tarar ba. Kamfanin da nake wa aiki ne ya tura ni horon da bai kai wata uku ba wurin wani ɗan kwangila mai haƙa rijiyoyi masu zurfi, wanda a lokacin yake haƙa wata a mahaƙar filatinum a lardin Limpopo. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kowace takarda a wannan tafiya ita ce mabuɗin ta gaba da ita, babu wadda ake tsallakewa, kuma babu wanda ya jera mini su tun daga farko.

Matakin farko a gida ne. Takardar gayyatar da aka fara aiko mini ta ce zan je ziyarar ganin aiki, sai wani da ya riga ni zuwa ya ja hankalina cewa mai bizar yawon buɗe ido ba a ba shi damar taɓa aiki, kuma mahaƙa ba za ta sa shi cikin jerin masu sauka ƙasa a kai a kai ba. Abin da ya dace da irin tafiyata shi ne bizar baƙo mai izinin ɗan gajeren aiki, wadda sashe na 11(2) na dokar shige da fice ta ƙasar ta 2002 ya tanada, kuma ba ta wuce kwana 90 a karon farko. Wannan ya sa aka sake rubuta takardar, aka bayyana irin aikin, da wurin, da tsawon lokacin, da wanda zai ɗauki nauyin masauki da komawata. Na haɗa da fasfo, da shaidar karatu, da takardar rajistata da hukumar injiniyoyin ma'adinai ta Nijeriya, da bayanin asusun banki, da katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka mai barin sa sai ana gobe tafiya ya ja wa kansa. Kuɗin biza, da na ofishin da ke karɓar takardu a Abuja, da na mota da kwana a can, duk daga aljihuna suka fara fita kafin kamfani ya mayar mini, kuma sai da rasit aka biya ni kowane kobo. Jiran fitowar bizar ya ɗauki makonni, har ranar da aka tsayar ta fara horo ta wuce, aka mayar da ni cikin rukuni na gaba.

Jirgi daga Legas zuwa Johannesburg yakan ɗauki kamar awa shida. Na sauka a tsakiyar hunturunsu, wanda yake faɗowa a watannin Yuni da Yuli, da sanyin da ya fi na Jos nesa ba kusa ba. Na zaci washegari za a wuce da ni Limpopo, sai direba ya nufi yamma da ni, zuwa yankin Carletonville, inda ɗan kwangilar yake da cibiyar horaswa, kuma wurin da aka fara ajiye ni asibitin ma'aikata ne. Dokar lafiya da kariya a mahaƙai ta 1996 ta hana a sa mutum aiki mai haɗari sai likitan ma'aikata ya ba shi shaidar cewa jikinsa zai ɗauka, wadda ma'aikata suke kira jan tikiti. Tun da asuba muka kama layi, mu da yawa, har da tsofaffin ma'aikata da suka zo sabunta tasu ta shekara. An auna tsayi da nauyi da hawan jini, an karɓi fitsari don duba suga da ƙwayoyi masu sa maye, an ɗauki hoton ƙirji, an sa ni in busa iska cikin wani bututu da iyakar ƙarfina don a auna huhu, an gwada ido, sannan aka rufe ni cikin wani ɗan ɗaki da abin ji a kunne ina danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Wannan gwajin kunnen shi ne ma'aunin da za a riƙa kwatanta jin mutum da shi har ya bar aiki. Ban biya ko sisi ba, domin sashe na 24 na dokar ya hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin abin da ya shafi kariyarsa, kuma wannan ya haɗa da hular kwano da takalmi da rigar aiki da aka ba ni daga baya.

Gwajin jure zafi aka sa mini a wata rana daban, kuma shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, saboda a layi na ji labarin ƙarfafan mutane da suka faɗi. Ana shigar da mutane wani ɗaki mai zafi da laima, inda ma'aunin zafi da ake lulluɓe wa baki da jiƙaƙƙen ƙyalle yake nuna digiri 28, busasshen kuma 29.5. Kowa yana da dakali mai tsayin santimita 30.5 a gabansa, zai riƙa hawa yana sauka sau 24 a minti ɗaya, har tsawon minti 30, yana bin wata ƙara da ke ba da lokaci. Daga mu sai gajeren wando. Mintunan farko wasa ne, amma kafin a kai rabi gumi ya daina bushewa a jiki, yana ta zuba a ƙasa har dakalin ya yi santsi, cinyoyi suka yi nauyi, wanda ke kusa da ni kuma ya fara saɓa wa ƙarar har mai kula ya matso ya tsaya a kansa. Da aka gama, aka sa wa kowa ma'auni a ƙarƙashin harshe, kuma duk wanda zafin jikinsa ya haura digiri 37.6 bai ci ba. Na ci, amma wani abokin tafiyata da ya iso da ragowar zazzaɓin cizon sauro a jikinsa ba a ma bar shi ya shiga ɗakin ba, domin ana auna mutum tun kafin ya fara. Wanda tafiyarsa za ta faɗo cikin watan azumi ya yi magana da likita tun da wuri a kan ranar gwajin, saboda ana son mutum ya zo ya sha ruwa sosai ya kuma yi barci. Dalilin tsananin a fili yake: dutse yana ƙara zafi gwargwadon zurfi, har a mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke wannan yanki, wadda ta kai kusan kilomita 4, zafin dutsen yakan kai digiri 60, sai da ƙanƙarar da ake turawa daga sama ake iya aiki a ciki.

Sai da jan tikiti ya fito aka karɓe ni a aji. Malamin da ya fara da mu dattijo ne ɗan Lesotho, daga mutanen da suka yi suna a haƙar rijiyoyi a ƙasar tun zamanin kakanni, kuma bai fara da injuna ba, da gawarwaki ya fara. Ya ba mu labarin mahaƙar zinariya ta Kinross, inda a ranar 16 ga Satumba 1986 wutar walda ta kama kumfar roba da aka shafe bangon rami da ita, hayaƙinta ya kashe mutum 177, da kuma mahaƙar Vaal Reefs, inda a watan Mayu 1995 kan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya faɗa cikin rijiya ya auka wa keji, wato ɗakin ƙarfen da ke hawa da sauka da ma'aikata, mutum 104 suka rasu. Bayan Kinross ne gwangwanin numfashi ya zama dole a ƙugun mai sauka ƙasa, wanda ke ba da iskar shaƙa ta kimanin rabin awa, kuma sai da kowannenmu ya buɗe na gwaji ya sa a baki ya toshe hanci cikin duhu kafin a sa masa hannu. An karanta mana sashe na 23 na dokar lafiya da kariya a mahaƙai, wanda ya ba kowane ma'aikaci ikon barin wurin da yake ganin akwai haɗari ba tare da jiran izini ba. An koya mana ɗaura ɗamarar da ke riƙe mutum idan ya zame, da ƙa'idar cewa ko sifana ce sai an ɗaure ta da igiya a jiki, domin ƙaramin ƙarfe da ya faɗo daga nisan mita ɗari biyar kisa yake yi. An kuma sa mu haddace bugun ƙararrawa da ake magana da direban injin da ke saukar da mutane da kaya cikin rijiya da shi. Cibiyar tana da rijiyar gwaji marar zurfi mai ɗauke da duk kayan aikin gaske, kuma a cikinta aka gwada mu a aikace bayan jarrabawar takarda. Turanci ake koyarwa da shi, amma a bakin aiki za ka ji Fanakalo, wani gaurayen harshe na mahaƙai mai tushe a Zulu, kuma ya kyautu baƙo ya kama kalmomin tsayawa da gudu da taka-tsantsan tun a makon farko.

Da na isa Limpopo da takarduna cikin jaka, sai na tarar shaidar ɗan kwangila ba ta wadatar ba, domin mai mahaƙar ma yana da nasa horon shiga da nasa likitan da zai duba fayil ɗina kafin a buga mini katin wucewa. A nan na yi zaman jira mafi ban haushi, ina hangen hasumiyar rijiyar daga tagar masauki, saboda ajin yana da ranakun da ake buɗe shi, ni kuwa na iso bayan an fara na wannan makon. Ranar da katin ya fito na bi layin da kowa yake bi: busa na'urar gwajin barasa a ƙofa, ɗakin sauya kaya, ɗakin fitilu inda ake karɓar fitilar goshi da gwangwanin numfashi masu lamba, sannan a ajiye waya da ashana da duk abin da zai iya tayar da wuta. A bakin rijiya akwai mai tsaron baki, wanda maganarsa ta fi ta manaja ƙarfi a wannan wurin, shi ne yake ƙirga masu shiga da masu fita.

Rijiyar da ake kan haƙawa ba ta da keji tukuna, a cikin guga ake sauka, wani ƙaton bokitin ƙarfe da ya kai mini har ƙirji, wanda shi ne kuma ake kwaso dutse da shi. Muka shiga muka maƙala ɗamarunmu, aka ɗaga mu kaɗan, ƙofofin ƙarfe da ke rufe bakin rijiyar suka buɗe, muka wuce, suka sake rufewa a samanmu don kada wani abu ya biyo mu. Hasken rana ya ɗauke gaba ɗaya. Fitilata tana haska bangon kankare mai santsi yana gudu sama, da bututun iska da na ruwa da na kankare a jere a jikinsa, kunnuwana suna toshewa ina haɗiyar yawu, ruwa yana ɗiga a kan hulata. Gugan ba ya lilo, domin akwai wani ƙarfe a samansa da yake bin igiyoyin da ke riƙe da dandamalin aiki. Wannan dandamalin bene ne na ƙarfe mai hawa biyar, yana rataye kusa da gindin rijiyar, da ramuka a tsakiyarsa inda guga yake ratsawa a hankali, kuma a kansa ake yin mafi yawan aikin.

Makonnin da suka biyo baya na yi su ne ina bin zagayen aikin, wanda ba ya sauyawa. Kafin komai akwai huda ta leƙen gaba, inda ake tura dogayen ramuka su wuce gindin rijiyar da mita masu yawa don a gano ko akwai ruwa mai ƙarfi ko iskar gas mai kamawa da wuta, kuma idan aka ci karo da ruwa sai a dakatar da haƙa a dunga tura ruwan siminti da matsi har tsagogin dutsen su toshe, ko da hakan zai ci kwanaki. Idan gaba ta yi kyau, sai a sauko da injin huda mai hannuwa da yawa, ya kafe kansa a bango, ya huda ramuka masu zurfin kimanin mita uku a zagaye-zagaye. A fitar da shi, masu nakiya su cika ramukan, a ɗaga dandamalin sama, kowa ya fita, a tayar daga waje. Sai a jira fanka ta kore hayaƙi, shugaban aiki ya fara sauka ya auna iska ya kakkaɓe duwatsun da suka saki, sannan a shiga kwasa da injin da ke cika guga. Bayan an kwashe, ana hure gindin da iska mai ƙarfi don a ga ko akwai ramin da nakiyarsa ba ta tashi ba, domin huda a kan irin wannan ramin ta hallaka mutane da yawa a tarihin sana'ar. Daga nan a kafa ƙusoshin dutse da ragar ƙarfe a bango, kuma idan an sami tsayin da ya isa, a sauko da mazubin ƙarfe mai zagaye a zuba kankare mai tsayin mita shida a lokaci guda.

A nan ne na fahimci abin da ake nufi da zamani a wannan aiki. A watan Maris 1962 an haƙa mita 381 cikin wata ɗaya a mahaƙar Buffelsfontein, abin da har yau ake ambatawa, alhali rijiyar da na yi horo a cikinta idan ta ci mita biyu zuwa uku a rana murna ake yi. Na tambayi dattijon da ke jagorantar rukuninmu yadda aka yi injuna suka ƙaru amma gudu ya ragu. Ya ce mini, "Ɗana, a da muna kwasar dutse a ƙasa, wasu suna zuba kankare a saman kanmu, guga yana wucewa ta tsakaninmu. Yanzu ba a yarda wani ya yi aiki a saman wani ba." Tsohuwar hanyar tana haɗa ayyuka biyu ko uku a lokaci ɗaya da mutane da yawa cunkushe a gindin rijiya, sabuwar kuwa, wadda suka ce daga Kanada aka ɗauko ta, tana jera ayyukan ɗaya bayan ɗaya da mutane kaɗan. A ganina wannan sauyin tsari ya fi kowace na'ura da na gani a wurin muhimmanci, ko da yake masu biyan kuɗin kwangila ba kullum suke son jin haka ba.

Injunan da ke haƙa rijiya daga sama zuwa ƙasa ba tare da nakiya ba kuwa a aji kawai na gan su, a hoto da bidiyo. Kamfanin Herrenknecht na Jamus ya ƙera wanda yake rataye cikin rijiya yana gurzar dutse da wani gangan haƙora, yana zuƙe ɓaraguzan da iska, kuma da shi aka haƙa rijiyoyi biyu masu zurfin kusan mita 1,000 a mahaƙar Jansen da ke Saskatchewan a Kanada, bayan an daskarar da ƙasar da ke kewaye don tsare ruwa, dabarar da wani Bajamushe mai suna Poetsch ya fito da ita tun 1883. An kai irinsa Belarus, da kuma mahaƙar Woodsmith a arewacin Ingila, inda ake neman zurfin kimanin mita 1,600. Amma dutse mai taushi ko matsakaici yake ci, shi ya sa a tauraren duwatsun zinariya da filatinum na Afirka ta Kudu har yanzu nakiya ce take aiki. Wanda na gani da idona shi ne injin da ke huda siririn rami daga sama har ya faɗa cikin wata hanya da ke ƙasa, a ɗaura masa faffaɗan kai mai haƙora, ya jawo shi sama yana faɗaɗa ramin, dutse yana zuba ƙasa ana kwashewa, babu mutum ko ɗaya a cikin ramin. Sharaɗinsa shi ne a riga an sami hanya a ƙasa, saboda haka ba ya maye gurbin rijiyar farko.

Mai shirin irin wannan tafiya ya nemi a rubuto masa jerin matakan tun yana gida, ya tambayi ranakun da asibiti da cibiyar horo da mahaƙar suke karɓar sababbi, domin kwana 90 na biza suna tafiya ko yana aji ko yana zaune a masauki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nawa a gwaji da jira suka tafi. Ya je asibiti a gida ya duba hawan jini da suga da ƙirji kafin ya sayi tikiti, ya gama maganin duk wani zazzaɓi, ya kuma saba da hawa da sauka a matakala na rabin awa. Mai sa tabarau ya taho da takardar likitan ido. Ya riƙe kwafin kowace shaida a hannunsa, saboda fayil yakan makara tsakanin ofis da ofis, kuma wanda ke da kwafi a jaka shi ake fara sallama. Game da salla, zagayen aiki ba ya tsayawa don kowa, amma da na yi wa shugaban rukuni bayani tun ranar farko, ya riƙa sanar da ni lokacin da za a fito don tayar da nakiya, wanda shi ne sararin da ya fi tabbata.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda baƙi suka fi mantawa da shi saboda ɗokin gida. Dokar mahaƙai ta wajabta a yi wa mai barin aiki gwajin fita, a sake ɗaukar hoton ƙirji da auna huhu da kunne, a ba shi takardar shaida. Ciwon huhu da ƙurar dutse ke jawowa yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, kuma a 2019 ne kotu a Johannesburg ta amince da sulhun biyan diyyar rand (kuɗin ƙasar) biliyan 5 tsakanin kamfanonin zinariya da tsofaffin ma'aikatan da suka kamu da shi ko da tarin fuka, inda da yawa daga cikinsu suka sha wahalar tabbatar da wurin da suka yi aiki da tsawon lokacin saboda rashin takarda. Na nemi a sa mini ranar gwajin mako guda kafin tashina, na karɓi takardar da hannuna tare da kwafin sakamakon gwajin shiga, sannan na mayar da fitila da katin wucewa.